Wace manhajar tarihi ta dace da yaron aji takwas mai karatu a gida a Amurka?

Tambayar daga wata uwa ce mazauniyar Bronx a birnin New York. Ɗanta yana da shekara 13, shekara biyu ke nan a gida yake karatun boko saboda yana hadda. Bana zai shiga aji takwas, ajin ƙarshe kafin babbar sakandare. Ta ce lissafi da Turanci sun samu tsari, tarihi ne ya tsaya mata a rai: sunayen manhajoji sun yi yawa, wasu kyauta, wasu kuma ɗaruruwan daloli. Har yanzu ita da maigida ba su tsayar da magana kan ko yaron zai koma makarantar gwamnati a aji tara ba.

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya shi, ya sa albarka a haddar.

Kada ki fara da sunan littafi tukuna. Ki fara da gano abin da yaron zai tarar a aji tara, sai ki yi lissafi ki dawo baya. Da zarar kin san wannan, rabin manhajojin da ke gabanki za su fita daga zaɓi da kansu.

A makarantun gwamnatin jihar New York, tarihin Amurka kashi biyu ake yi masa. Aji bakwai na ɗaukar zamanin mulkin Ingila har zuwa yaƙin basasar 1861 zuwa 1865, aji takwas kuma ya ɗora daga sake gina jihohin Kudancin ƙasar bayan yaƙin har zuwa yau. Aji tara da aji goma tarihin duniya ne: na tara daga zamanin da can zuwa wajen 1750, na goma daga 1750 zuwa yanzu. Ba a komawa kan tarihin Amurka sai aji sha ɗaya. Ma'ana, idan ɗanki bai yi shi bana ba, zai kai shekara 16 bai san abin da ya faru a 1954 a shari'ar da ta haramta ware makarantun baƙaƙe da na farare ba, bai kuma san gyaran kundin tsarin mulki na 14, na shekarar 1868, wanda ya ba duk wanda aka haifa a ƙasar 'yancin zama ɗan ƙasa ba. Tarihin duniya na aji tara kuwa daga tushe ake faro shi. Malamin ba ya tsammanin yaro ya zo da ilimin Masar ko Rum. Abin da yake tsammani shi ne yaro ya iya karanta taswira, ya iya rubuta sakin layi mai hujja.

Akwai kuma maganar doka. Jihar New York ta wajabta wa masu karatun gida su koyar da tarihin Amurka, da tarihin jihar, da kundin tsarin mulkin ƙasa da na jiha, aƙalla sau ɗaya a cikin azuzuwa takwas na farko. Ki duba tsoffin takardun da kika miƙa. Idan babu waɗannan a ciki, bana ce damar ƙarshe. Shawarata ke nan a gajarce: tarihin Amurka za ki yi bana, daga 1865 zuwa yau idan ya riga ya yi kashin farko. Idan bai yi ba, ki ware makonni shida na farko a bi shelar 'yancin kai ta 1776, da rubuta tsarin mulki a 1787, da bauta, da yaƙin basasa, sannan a ci gaba.

Masu karatu daga wasu jihohi su kula, tsarin ba ɗaya ba ne. A Texas aji takwas yana tsayawa ne a 1877, sauran sai aji sha ɗaya, dokar karatun gida a can ma ba ta ambaci tarihi da suna ba, kyakkyawar tarbiyyar ɗan ƙasa kawai ta ce. A California aji takwas daga kafa tsarin mulki ne zuwa gab da yaƙin duniya na ɗaya. Pennsylvania kuma tana neman jarrabawar gwaji a aji uku da biyar da takwas. Kowa ya buɗe shafin hukumar ilimin jiharsa kafin ya kashe ko sisi.

Yanzu lissafin lokaci, domin shi ne ke gaya miki girman littafin da za ki iya ɗauka. A dokar New York, darasi ɗaya na shekara minti 6,480 ne. Ana neman biyu na tarihi da labarin ƙasa a tsakanin aji bakwai da takwas, wato ɗaya kowace shekara. Idan kika yi minti 45, kwana huɗu a mako, mako 36, minti 6,480 ɗin ke nan cif. Zama 144 gare ki a shekara, ba ƙari. Duk manhajar da ke da darussa 170 ko 180 an tsara ta ne don kwana biyar, kuma ga yaron da safiyarsa ta hadda ce, kwana biyar ba ya ɗorewa. Ni ma zan ce ki tsara aikin mako 32 ne kawai, ki bar huɗu a ajiye. A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa cikin Fabrairu da Maris, tsakiyar zango na uku, ga sallah, ga mura ta lokacin sanyi, ga baƙi daga gida. Wanda ya cika mako 36 taf da aiki, a watan Afrilu zai tarar yana bin kansa bashin babi ashirin.

Wannan yana da alaƙa da takardar tsarin karatun shekara, wadda ake kira IHIP. Ana miƙa sanarwar niyya zuwa 1 ga Yuli, takardar tsarin kuma yawanci zuwa 15 ga Agusta, sai rahoto sau huɗu a shekara. Idan a wani zango ba a kai kashi 80 cikin ɗari na abin da kika rubuta za a yi ba, sai kin yi bayani a rubuce. Saboda haka kada ki zuba sunayen littattafai goma sha biyar don takardar ta yi kwarjini. Ki rubuta babban littafi ɗaya da batutuwan kowane zango. Abin da aka ƙara daga baya riba ce.

Manhajojin da ke kasuwa iri uku ne idan aka dubi yadda suke aiki. Na farko littafin aji ne irin na makaranta: babi, tambayoyi a ƙarshe, jarrabawa da takardar amsa. Abeka da BJU Press na cikin wannan rukuni. Suna da sauƙi ga uwar da ba ta da lokaci, amma dukansu na makarantun Kirista ne masu ra'ayin riƙau, kuma aƙidar ba a shafi ɗaya take ba da za a tsallake. A cikin bayanin dalilin faruwar abubuwa take. Notgrass ma na Kirista ne. Littafinsu na tarihin Amurka mai suna America the Beautiful an yi shi ne don aji biyar zuwa takwas, darussa 150, da hotuna masu kyau, da aikin nazarin Baibul a cikin darussa. Ga ɗan aji takwas mai kaifin karatu, aikin rubutunsa ya yi sauƙi.

Na biyu su ne masu koyarwa da tarin littattafan labari da tarihin rayuwar mutane. Sonlight ne sananne a nan, na Kirista, BookShark kuma ɗan'uwansa ne da aka cire wa koyarwar addini aka mayar da shi kwana huɗu a mako. Yaro mai son karatu yana jin daɗinsu ƙwarai. Matsalarsu biyu: tsada, da yawan shafuka. Akwati ne zai iso da littattafai masu yawa, wasu ana so uwa ta karanta da baki kullum. Yaron da ke tilawa da ƙari da muraja'a, idanunsa da ƙwaƙwalwarsa sun riga sun yi aiki kafin azahar. Akwai kuma haɗarin da ba a cika faɗa ba: yaro ya karanta ƙagaggun labarai ashirin, ya tausaya wa mutanen ciki, amma ka tambaye shi wanne ya riga wani, yaƙin duniya na ɗaya ko karyewar tattalin arziki ta 1929, ya yi shiru.

Na uku shi ne a ɗauki littafi ɗaya mai ba da labari a jere a matsayin ƙashin baya, a haɗa masa takardun asali da aikin rubutu. Wannan nake ba ki shawara. A History of US na Joy Hakim juzu'i goma ne, da na sha ɗaya mai ɗauke da takardun tarihi. Ba na addini ba ne, babukan gajeru ne, kuma ba ya ɓoye bauta ko abin da aka yi wa 'yan asalin nahiyar. Juzu'i na bakwai zuwa na goma su ne suka ɗauki 1865 zuwa zamaninmu. Juzu'i huɗu, zango huɗu, rahoto huɗu: kowane juzu'i mako takwas ko tara. Kada ki yi ƙoƙarin cinye goman a shekara ɗaya, zai zama tsere. Aibinsa shi ne marubuciyar tana sa ra'ayinta a fili, shafukan kuma cike suke da ƙananan rubutu a gefe da ke raba hankalin wasu yara, sannan babu jarrabawa a cikin littafin kansa. Ana samunsa a laburaren gwamnati da wurin masu sayar da tsoffin littattafai.

Za ki ji ana yawan ambaton The Story of the World na Susan Wise Bauer. Juzu'i huɗu ne, mai daɗin karatu, amma don 'yan firamare aka rubuta shi. Juzu'i na huɗu kaɗai, daga 1850 zuwa ƙarshen ƙarni na 20, ya kai nauyin wannan aji, shi ma tarihin duniya ne. Idan kuɗi ne matsala, gidauniyar Core Knowledge tana ba da littattafan tarihinta kyauta a intanet har da jagoran malami, iCivics kuma yana da darussan tsarin mulki kyauta.

Kowanne kika nufa, ki gwada shi kafin saye. Kusan duk kamfanonin suna ba da samfurin shafuka. Ki nemi wurare huɗu ki karanta da kanki: inda aka yi maganar bauta, inda aka yi maganar korar 'yan asalin ƙasar daga filayensu bayan dokar 1830, inda aka yi maganar Musulunci ko Gabas ta Tsakiya, da babin harin 11 ga Satumba 2001. Idan littafin ya nuna bauta kamar ƙaramin kuskure ne da ya wuce da sauri, ko Musulmi ba su bayyana a ciki ba sai a matsayin masu kai hari, kin ga inda ya dosa. Ba lallai ne a jefar da littafi don yana da ra'ayi ba, babu wanda ba shi da shi. Abin da ake so ki san ra'ayin tun kafin yaron ya ci karo da shi shi kaɗai. Daga nan ki ba yaron shafi ɗaya ya karanta da ƙarfi. Kalmomin da bai sani ba in sun wuce biyar a shafin, littafin ya fi ƙarfinsa. Ya rufe, ya gaya miki abin da ya karanta. In ya kawo abubuwa uku a jere daidai, littafin ya yi.

Abin da zai fi yi masa amfani a aji tara, ko a gida ko a makaranta, rubutu ne daga takardun asali. Jarrabawar jihar New York ta tarihin duniya, wadda ake kira Regents, da ake yi a ƙarshen aji goma tana ba ɗalibi takardu biyar ya gina maƙala a kansu. Wanda ya saba da cike gurbi da zaɓen amsa kawai, nan yake faɗuwa. Darussan Reading Like a Historian, waɗanda aka faro a jami'ar Stanford, yanzu kuma suke hannun Digital Inquiry Group, kyauta ne bayan an yi rajista. Kowane darasi tambaya ɗaya ce da gajerun takardu da ke saɓa wa juna. Yaro yana koyon tambayar kowace takarda: wa ya rubuta, yaushe, me yake nema da rubutun, wa kuma ya gaskata shi ko ya ƙaryata.

Ga yadda makon zai kasance. Litinin da Talata karatun babi biyu ko uku, ya rubuta taƙaitawa ta jimla biyar da kalmominsa, littafi a rufe. Laraba takardun asali. Alhamis rubutu, da minti goma na taswira da jadawalin shekaru. Rubutun hawa-hawa ake yi. Zangon farko sakin layi ɗaya a mako, jimla shida zuwa takwas, da magana ɗaya da hujja biyu. Zango na biyu ya kwatanta takardu biyu a shafi ɗaya. Na uku maƙala mai kalmomi 500 zuwa 600 duk bayan mako uku. Na huɗu bincike ɗaya mai kalmomi 1,000 zuwa 1,200 daga majiya biyar, aƙalla biyu na asali. Wajen gyara, abu biyu kacal za ki ja wa layi a kowace takarda. Takardar da ta dawo jajawur da biro, yaro ba ya karanta gyaran, ninke ta yake yi. Bidiyo irin na Crash Course a bar shi sai bayan an karanta babin, don mai maganar yana da sauri, yaro zai ji kamar ya gane alhali bai riƙe komai ba.

Sai abin da babu manhajar da za ta yi miki, wato haɗa tarihin nan da namu. Ba sai kin buɗe wani darasi daban ba, zaman Laraba ɗaya a wata ya isa. Omar ibn Said, mutumin Futa Toro, a yankin kogin Senegal, da aka kai Amurka bawa a 1807, ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci a 1831 a North Carolina, ya kuma buɗe rubutun da Suratul Mulk. Hotunan shafukan suna shafin laburaren majalisar dokokin Amurka. Ɗanki mai hadda zai karanta layukan farko da kansa ba tare da fassara ba, abin da yawancin malaman tarihi a ƙasar ba za su iya ba. Ki tambaye shi: me ya sa mutumin da wani ke cewa ya mallake shi ya zaɓi surar da ta ce mulki a hannun Allah yake?

Wanda ya fi dacewa da zangon farko shi ne Nicholas Said, wanda sunansa na yanka Muhammad Ali. A Kukawa ta Borno aka haife shi. Mahara suka kama shi yana yaro, aka ƙetara da shi Sahara zuwa Tarabulus, daga nan Istanbul, daga nan Rasha, inda aka yi masa baftisma. Ya isa Amurka yana ɗa, ba bawa ba, ya shiga runduna ta 55 ta Massachusetts a 1863 ya yi aikin soja a ɓangaren jihohin Arewacin Amurka a yaƙin basasa, bayan yaƙin kuma ya koyar a makarantun baƙaƙe a Kudu. Ya buga tarihin rayuwarsa a 1873, amma bai ambaci aikin sojansa a ciki ba. Ga aikin rubutu nan a shirye: me zai sa baƙin mutum da ke zaune a Kudu a 1873 ya yi shiru kan cewa ya sa kakin Arewa? Ba zai iya amsawa ba sai ya san halin da Kudu take ciki a lokacin, da ta'addancin Ku Klux Klan, ƙungiyar farare masu kai wa baƙaƙe hari. Labarin yana kuma tilasta faɗin gaskiyar da wasu iyaye ke kauce wa: ba Bature ne ya fara kama Said ya sayar ba. Gara yaro ya ji wannan daga bakinki.

A jadawalin shekarun da zai manna a bango, a ja layi biyu, na sama Amurka, na ƙasa Afirka ta Yamma. Taron Berlin na 1884 zuwa 1885 zai faɗo a zamanin manyan masana'antu da layin dogo. Shekarar 1903 da Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato, ita ce shekarar da 'yan'uwan Wright suka tashi jirgin sama. A yaƙin duniya na biyu sojojinmu na runduna ta 81 da ta 82 suna Bama. Martin Luther King ya halarci bikin 'yancin Ghana a Maris 1957. A 1960, shekarar da Nijar ta samu 'yanci ranar 3 ga Agusta, Najeriya kuma 1 ga Oktoba, ɗalibai baƙaƙe sun fara zaman dirshan a wurin cin abincin da aka hana su a Greensboro. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ziyarci shugaban Amurka Kennedy a 1961. Dokar shige da fice ta 1965 da cacar biza da dokar 1990 ta kafa su ne ƙofofin da akasarin mutanenmu suka bi suka shigo, don haka hira da wani dattijo a masallacinku kan yadda ya zo tana iya zama majiyar asali ta binciken zango na huɗu.

Tarihin jiha ba sai da littafi na musamman ba. Fita uku ta isa, kowace da shafi ɗaya na rubutu bayan an dawo: maƙabartar Afirkawa da aka gano a kudancin Manhattan a 1991, wadda za ta kai ku ga maganar cewa sai 1827 bauta ta ƙare a New York, tsibirin Ellis, inda baƙi sama da miliyan 12 suka bi tsakanin 1892 da 1954, da cibiyar Schomburg ta binciken tarihin baƙaƙen fata a Harlem. Sa'o'in fitar suna shiga lissafin karatu. Kundin tsarin mulkin jiha kuma zama biyu ko uku, a kwatanta shi da na ƙasa.

Maganar komawa makaranta ku gaggauta ta, domin a birnin New York neman gurbin aji tara da jarrabawar SHSAT ta makarantu na musamman a farkon aji takwas ake yin su, cikin kaka, ba a ƙarshen shekara ba. Jarrabawar Turanci da lissafi ce, babu tarihi, don haka in zai zauna ta ki sassauta rubutun tarihi a Satumba da Oktoba ki rama daga baya. In kuma a gida zai ci gaba, doka na neman darasin shekara guda huɗu na wannan fanni daga aji tara zuwa sha biyu, ciki har da shekara ɗaya ta tarihin Amurka, rabi na harkar gwamnati, rabi na tattalin arziki. Sakamakon tarihin aji takwas yawanci ba ya shiga takardar da jami'o'i ke dubawa, shi ya sa bana ce shekarar da za a matsa masa kan rubutu ba tare da fargabar maki ba.

Ki duba kuma irin tantancewar ƙarshen shekara da kika miƙa bara. Daga aji huɗu zuwa takwas ana karɓar rahoton bayani a madadin jarrabawa, amma ba shekara biyu a jere ba. In bayani kika bayar a aji bakwai, bana jarrabawar gwaji ce, sai ki yi odarta tun cikin Maris. Ki tanadi fayil ɗaya mai rabe huɗu, kowane zango ki saka jerin babukan da aka karanta, da jimillar mintuna, da rubutu uku masu kwanan wata: na farkon zango, na tsakiya, na ƙarshe. Daga nan za ki cike rahoto, kuma shi za ki miƙa idan wata makaranta ta nemi ganin aikinsa.